Al Capone: Uban Dabar da Littafin Lissafi Ya Kayar

Ranar 24 ga Oktoba, 1931, a wata kotun tarayya da ke birnin Shikago na Amurka, alƙali James Wilkerson ya yanke wa Alphonse Capone hukuncin ɗaurin shekara 11 da tarar dala 50,000. Babu wanda ke zaune a kotun nan da bai san abin da ake faɗa a kan mutumin ba. An ce shi ne ke bayan kashe-kashen da suka jiƙa titunan birnin da jini, shi ke da gidajen caca da na karuwai, shi ke shayar da rabin gari giyar da doka ta haramta. Amma a takardar hukuncin babu gawa ko ɗaya, babu ko kwalbar giya. Laifin da aka tabbatar a kansa shi ne ya ƙi biyan harajin kuɗin shiga.

Mutane kan ba da wannan labari kamar abin dariya: ga ƙasurgumin ɗan ta'adda da ya gagari 'yan sanda, sai ga akawu da biro ya kai shi ƙasa. Ni a ganina dariyar tana ɓoye wani abu mai nauyi. Dalilin da ya sa sai ta hanyar haraji aka iya kama shi, shi ne dai dalilin da ya sa ya yi girma tun farko. Duk wata ƙofa da ya kamata doka ta shigo ta cikinta a Shikago, an riga an saye mai gadinta.

An haife shi a unguwar Brooklyn ta New York ranar 17 ga Janairu, 1899. Iyayensa baƙin haure ne daga yankin Naples na Italiya, mahaifinsa Gabriele wanzami ne mai shagon aski, kuma babu wanda ya taɓa jin sa da wani laifi. Wannan yana da muhimmanci, domin an saba jingina Capone da Mafiyar tsibirin Sisili, alhali shi ba ɗan Sisili ba ne, kuma a Amurka ya tashi, a titi ya yi karatunsa. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 bayan ya mari malamarsa. Daga nan sai ƙananan dabobin unguwa, har ya samu aikin tsaron ƙofa da zuba giya a wata mashaya ta wani ɗan daba mai suna Frankie Yale a Coney Island. A can ne ya gaya wa wata budurwa maganar banza, yayanta Frank Galluccio ya zaro wuƙa ya tsaga masa kumatun hagu. Tabon ya zama laƙabinsa, Scarface, wato mai tabo a fuska, sunan da ya tsana har ya mutu. In za a ɗauke shi hoto, yakan juya ɓangaren da babu tabon.

Wani abin mamaki a gidan: babban wansa, James, ya gudu tun yana saurayi, ya canza suna zuwa Richard Hart, ya ƙare a jihar Nebraska yana aikin jami'in kama masu sayar da giya. Uwa ɗaya uba ɗaya, doka ɗaya ce ta ciyar da su, kowa ta nasa ɓangaren.

Dokar kuwa ita ce ginshiƙin labarin. A Janairun 1919 jihohin Amurka suka amince da gyara na 18 a kundin tsarin mulkinsu, wanda ya haramta yin giya da sayar da ita da safararta, kuma ya fara aiki ranar 17 ga Janairu, 1920, daidai ranar da Capone ya cika shekara 21. Waɗanda suka yi shekaru suna fafutukar wannan doka ba mahaukata ba ne. Mata ne da suka ga mazajensu na ƙarar da albashi a mashaya su dawo gida da duka, da limaman coci, da masu masana'antu da suka gaji da ma'aikata mashaya. Kuma gaskiya shan giya ya ragu, musamman a shekarun farko. Matsalar tana cikin yadda aka tsara abin. Dokar Volstead, wadda ta fayyace yadda za a aiwatar da haramcin, ba ta ce shan giyar kansa laifi ba ne. Mai saye yana da kwanciyar hankali, mai sayarwa ne ke cikin haɗari, shi ya sa farashi ya tashi sama, buƙata kuma tana nan. Sannan an bar ƙofofi a buɗe: likita na iya rubuta wiski a matsayin magani, coci na da izinin ruwan inabi na ibada, masana'antu na da izinin barasar da suke aiki da ita. Kamfanonin giyar da ake kira biya kuma an yarda su yi wata mai rauni ƙwarai, wadda ba a iya yin ta sai an fara haɗa ta gaske sannan a tsame barasar. Wa zai tsaya ya tabbatar an tsame? Jami'an tarayya da aka ɗauka da farko don ƙasa mai faɗin Amurka ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Miliyoyin mutane masu mutunci, alƙalai da 'yan majalisa da likitoci, suna so su sha, kuma a shirye suke su biya wanda zai ɗauki kasadar kawo musu.

Wanda ya fara gane girman wannan kasuwa a Shikago shi ne Johnny Torrio, ɗan gajeren mutum mai sanyin murya, wanda aka ce ba ya sha, kuma da dare yana gida wurin matarsa. Shi ya kira Capone daga New York wajen 1919 zuwa 1920. Ubangidan Torrio a lokacin, Big Jim Colosimo, ya wadatu da kuɗin gidajen karuwai, bai nuna zumuɗin shiga harkar giya ba. Ranar 11 ga Mayu, 1920 aka harbe shi a ƙofar gidan abincinsa. Ba a hukunta kowa ba, amma kowa ya ga wanda ya gaji kujerar. Capone ya fara daga ƙasa, yana kula da wani gidan caca da karuwai da ake kira Four Deuces a titin South Wabash, katin sana'arsa kuwa na cewa shi dillalin tsofaffin kujeru da gadaje ne.

Tunanin Torrio na ɗan kasuwa ne tsantsa. Ya lura harbe-harbe asara ne, sai ya tara shugabannin dabobin birnin aka yanka gari kamar nama, kowa da unguwanninsa, kowa ya sayar a nasa yankin. Sulhun ya yi 'yan shekaru. Abin da ya rusa shi shi ne abin da ke rusa duk irin wannan yarjejeniya: in abokin hulɗarka ya cuce ka a haramtacciyar sana'a, wace kotu za ka kai shi? A Mayun 1924 Dean O'Banion, shugaban dabar arewacin birnin, ɗan asalin Ailan, ya sayar wa Torrio kasonsa na wani kamfanin biya mai suna Sieben a kan dala rabin miliyan, alhali ya san 'yan sanda na shirin kai samame wurin. Aka kama Torrio a ciki, kuma da yake karo na biyu ke nan, gidan yari ya tabbata.

O'Banion yana da shagon furanni daura da babban cocin Holy Name, kuma shi ke sayar da furannin jana'izar 'yan daba, har da waɗanda ake zargin shi ya aika da su lahira. Ranar 10 ga Nuwamba, 1924 mutum 3 suka shigo kamar masu karɓar furannin da suka yi oda. Na tsakiya ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya riƙe hannun gam, sauran biyun suka buɗe wuta. Watanni biyu bayan haka yaran O'Banion suka tare Torrio a ƙofar gidansa suka yi masa ruwan harsashi. Ya rayu da ƙyar, ya yi zaman kurkukunsa, ya tattara ya tafi Italiya. Capone ya karɓi ragama a 1925 yana da shekara 26.

A lura da lissafin: daga 1925 zuwa 1931. Duk wannan suna da ya cika duniya, mulkin bai kai shekara 7 ba, kuma kusan wata 10 daga ciki yana tsare a Filadelfiya.

Yanzu bari mu duba sana'ar kanta, domin nan ne abin yake. Wiski ana iya shigo da shi daga Kanada a ɓoye, ta kogin Detroit ko ta tafkuna, kwalba ce ƙarama mai tsada. Barasar gida kuma 'yan gidan Genna, wasu 'yan daba 'yan'uwan juna, sun raba wa iyalai matalauta a unguwar Italiyawa tukwane suna dafawa a ɗakunansu ana biyan su kullum. Amma biya, wadda ita ce abin shan ma'aikatan Shikago, ba ta ɓoyuwa. Tana buƙatar babban gini, da manyan tukwane, da ruwa mai yawa, warinta na cika unguwa, sannan a loda ganguna a manyan motoci a bi titi a sauke a dubban mashaya. Ba yadda za a yi ɗan sandan unguwa bai gani ba. Saboda haka babban jarin sana'ar shi ne toshiyar baki: ɗan sandan sintiri, da shugabansa, da kansilan mazaɓa, da mai gabatar da ƙara, da alƙalin da zai ba da beli. An yi kiyasin cewa a ƙarshen shekarun 1920 kuɗin da ke shigowa ƙungiyar ya kai kimanin dala miliyan 100 a shekara, daga giya da caca da karuwanci da kuɗin kariya da ake tatsa daga 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi yana komawa aljihun mutanen da aka ɗauka aiki don su hana. Shi ya sa a ƙungiyar, mutum mafi muhimmanci bayan Capone shi ne Jake Guzik, Bayahude mai riƙe da lissafi da rabon ambulan, wanda ba a san shi da ɗaukar bindiga ba.

Idan hukuma ta ƙi sayuwa kuwa, sai a canza hukumar. A 1923 Shikago ta zaɓi William Dever a matsayin magajin gari, mutumin da ya ɗauki doka da gaske ya fara rufe mashaya. Torrio da Capone suka matsa zuwa Cicero, wani ƙaramin gari da ke manne da birnin. A zaɓen garin na 1 ga Afrilu, 1924 yaransu suka cika rumfunan zaɓe da bindigogi, suka sace ma'aikatan zaɓe, suka tsoratar da masu jefa ƙuri'a, 'yan takararsu suka ci. A ranar ce 'yan sandan da aka turo daga Shikago suka harbe Frank, wan Capone. A 1927 William Hale Thompson, wanda ya yi kamfe da alkawarin sake buɗe gari, ya kayar da Dever, Capone ya dawo tsakiyar birni ya kama ɗakuna a otal ɗin Metropole, daga baya Lexington. Da Thompson ya mutu a 1944, an buɗe akwatunan ajiyarsa na banki aka tarar da tsabar kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya.

Misalin da ya fi nuna zurfin ruɓewar shi ne na Jake Lingle, wakilin jaridar Chicago Tribune mai ɗauko labaran 'yan sanda. An harbe shi a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ta masu zuwa tashar jirgi ranar 9 ga Yuni, 1930. Jaridarsa ta yi ta kururuwa cewa an kashe gwarzon ɗan jarida, aka yi masa jana'izar girma. Kwanaki kaɗan sai gaskiya ta fara fitowa. Mutumin da albashinsa dala 65 ne a mako yana da gidan hutu da ɗaki a babban otal, yana zuba dubbai a tseren dawaki, kuma aminin kwamishinan 'yan sanda ne. A ƙugunsa, ranar da aka kashe shi, akwai bel mai kan lu'ulu'u, irin wanda Capone ke raba wa abokansa.

A irin wannan gari, wa zai ba da shaida? A 1926 aka bindige William McSwiggin, mataimakin mai gabatar da ƙara na jiha, a Cicero, yana cikin tafiya da wasu 'yan fasa-ƙwaurin giya. Capone ya ɓuya na watanni, ya fito ya miƙa kansa, aka sake shi don babu hujja. A Satumbar wannan shekarar Hymie Weiss, magajin O'Banion, ya turo jerin gwanon motoci da rana tsaka suka zazzage harsasai kusan dubu a otal ɗin Hawthorne inda Capone ke cin abinci. Ya kwanta a ƙasa ya tsira. Bayan mako uku aka kashe Weiss a gaban cocin nan na Holy Name. Nan ma shiru.

Inda Capone ya bambanta da ubangidansa Torrio shi ne son a gan shi. Yana sa kwat masu launin ɗorawa da kore, da zoben lu'ulu'u, yana zuwa kallon dambe da ƙwallo a kujerar gaba jama'a na yi masa tafi. Yana kiran 'yan jarida ya yi hira da su, yana maimaita cewa shi ɗan kasuwa ne da ke ba jama'a abin da suke so, kuma in shi mai laifi ne to masu saye a hannunsa ma haka. Maganar akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa ta karɓu. Sai dai ya bar rabin zancen a baya. Bai ce komai ba game da mai mashayar da aka jefa wa bam don ya sayi biyar wani, ko mai wankin kaya da aka tilasta wa biyan kuɗin kariya, ko 'yan matan da ke gidajensa. Da tattalin arziki ya durƙushe bayan 1929, ya buɗe wurin rabon abinci kyauta a titin South State, marasa aiki na yin layi, jaridu na ɗaukar hoto. Mutane sun ƙoshi, wannan gaskiya ne. Amma kuɗin miya da burodi bai kai ɗigo ba a cikin abin da yake samu, kuma ya zo daidai lokacin da ya fi buƙatar farin jini.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Safiyar 14 ga Fabrairu, 1929, ranar bikin masoya a can, mutum 7 suna cikin wani garejin mota a lamba 2122 titin North Clark, mafi yawansu yaran Bugs Moran, wanda ya rage daga shugabannin dabar arewa. Wasu mutane suka shigo, biyu daga ciki sanye da kayan 'yan sanda. Mutanen Moran suka ɗauka samamen da aka saba ne, wanda ake kashewa da 'yan daloli, sai suka juya suka fuskanci bango suka ɗaga hannu ba gardama. Aka share su da bindigogin Thompson masu aman wuta. Cikin mamatan akwai bakaniken mota da wani likitan tabarau da ke sha'awar zama da 'yan daba kawai. Ɗaya daga cikinsu, Frank Gusenberg, ya kai 'yan sa'o'i da rai da harsasai a jikinsa, 'yan sanda na tambayar wa ya harbe shi, ya ƙi faɗa har ya cika. Moran, wanda ake jin shi aka zo nema, bai iso wurin ba. Capone yana gidansa na Fulorida, kuma a safiyar yana ofishin wani jami'in shari'a na can yana amsa tambayoyi. Har yau ba a hukunta kowa ba, kuma akwai masu tarihi da ke shakkar shi ya ba da umarni. Amma hoton gawarwakin a jikin bango ya zagaya ƙasar, kuma sunan da kowa ya sani guda ɗaya ne.

Daga nan abin ya fi ƙarfin Shikago. Manyan attajiran birnin, waɗanda ke shirin baje kolin duniya na 1933, suka ga sunan garinsu ya zama abin kunya, suka kai kuka Washinton. Shugaba Herbert Hoover ya matsa wa sakataren baitulmali Andrew Mellon lamba. A watan Maris na 1930 hoton Capone ya fito a bangon mujallar Time, a Afrilu kuma Hukumar Yaƙi da Laifuka ta Shikago, wata ƙungiya ta masu zaman kansu, ta fitar da jerin maƙiyan al'umma, sunansa a farko.

To amma gwamnatin tarayya da me za ta kama shi? Kisan kai a tsarin Amurka hurumin jiha ne, kotunan jihar kuwa mun ga halin da suke ciki. Abin da ya rage a hannun tarayya shi ne dokar giya da dokar haraji. Fina-finai sun ɗaukaka jami'in yaƙi da giya Eliot Ness da 'yan tawagarsa da aka ce ba sa karɓar cin hanci, kuma lallai sun fasa wuraren haɗa biya sun jawo wa ƙungiyar asara. An ma shigar da tuhuma mai ɗauke da laifukan giya kusan 5,000 a 1931. Ba a taɓa sauraron ta ba. Masu gabatar da ƙara sun san cewa a shari'ar Amurka mutum 12 ne daga cikin jama'ar gari ke yanke ko mutum ya yi laifi, kuma da wuya a samu 12 a Shikago da babu mai sha a cikinsu. Amma magidancin da ke biyan harajinsa cikin wahala ba zai tausaya wa attajirin da bai taɓa biyan ko sisi ba.

Akwai wani zagaye mai ban sha'awa a nan. Kafin 1913, harajin giya na cikin manyan hanyoyin kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, wasu shekarun kusan sulusi. Sai da aka kafa harajin kuɗin shiga a waccan shekarar sannan haramta giya ya zama abin da baitulmali zai iya jurewa. Wato harajin da ya share wa haramcin hanya, haramcin da ya yi Capone, shi ne kuma ya dawo ya cinye shi. A 1927 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan fasa-ƙwaurin giya mai suna Manley Sullivan cewa kuɗin haram ma ana biya masa haraji, kuma tsoron tona wa kai asiri ba hujjar ƙin cike takarda ba ce. Sashen bincike na hukumar haraji ƙarƙashin Elmer Irey ya fara gwada makamin a kan na kusa da Capone: wansa Ralph, da Guzik, da na hannun damansa Frank Nitti, duk suka faɗa.

Shi kansa ya fi wuya. Ba shi da asusun banki da sunansa, gidan Palm Island da ya saya a 1928 da sunan matarsa Mae yake, komai da tsabar kuɗi yake yi. Jami'in da aka ba aikin, Frank Wilson, ya shafe watanni yana tonon takardu, har ya ci karo da wasu littattafan lissafi da aka kwashe a wani gidan caca na Cicero tun samamen 1926, aka jefa a kabad aka manta. A ciki akwai rabon riba, da wani kaso da aka rubuta wa "Al". Sai da ya bi rubutun hannun da ke littafin, yana gwada shi da takardun ajiya na bankuna, har ya gano akawun, Leslie Shumway, a Fulorida. Aka ɓoye shi, aka ɓoye wani kashiya mai suna Fred Ries, don kowa ya san makomar mai shaida a Shikago. Sannan lauyan Capone na haraji, Lawrence Mattingly, ya yi wa gwamnati kyauta ba da niyya ba: a ƙoƙarin sasantawa a 1930 ya rubuta wasiƙa yana amsa cewa wanda yake karewa na da kuɗin shiga da ya kai dala 100,000 a shekara a 1928 da 1929.

Tuhumar da aka shigar a 1931 ta ce ya samu dala miliyan ɗaya da 'yan kai tsakanin 1924 da 1929, harajin da ake bin sa kuma kimanin dala 215,000. Kowa ya san wannan somin-taɓi ne a kan ainihin abin da ya samu, amma shi ne iyakar abin da takarda za ta iya nunawa. Mai gabatar da ƙara George Johnson, saboda tsoron kada a kashe masa shaidu, ya yarda da ciniki: Capone ya amsa laifi a ba shi shekara biyu da rabi. Capone ya amsa, ya kuma kasa riƙe bakinsa, labarin ya cika jaridu tun kafin ranar hukunci. Alƙali Wilkerson ya ce ba a ciniki da kotun tarayya. Aka janye amsa laifin aka tafi shari'a. Ana gab da farawa labari ya zo cewa yaran Capone sun samu sunayen mutanen da za a zaɓi masu yanke hukunci daga cikinsu, sun fara bi gida-gida da kuɗi da barazana. Alƙalin bai ce uffan ba sai safiyar ranar farko, ya sa aka musanya rukunin gaba ɗaya da na wani alƙali. Mutanen da suka zauna galibi daga ƙauyuka da ƙananan garuruwan kewaye suke.

Abin da aka baje musu a gaba shi ne kashe kuɗi. Masu shaguna suka yi ta zuwa da rasit: kwat na ɗinki, rigunan ciki na siliki, kuɗin nama, kuɗin waya, kuɗin otal, bel masu kan lu'ulu'u da ya saya da yawa don kyauta. Mutumin da ya ce ba shi da sana'a, daga ina? Lauyoyinsa, waɗanda suka ƙware a shari'ar titi fiye da ta haraji, suka kawo shaidu su nuna ya yi asarar makudan kuɗi a tseren dawaki, wanda bai ƙara komai ba sai tabbatar da cewa yana da makudan kuɗin da zai yi asara. Ranar 17 ga Oktoba aka same shi da laifi a tuhuma 5.

Ba na jin akwai mai zubar wa Capone hawaye, amma shari'ar tana barin ɗan ɗaci a baki. Shekara 11 a kan haraji hukunci ne da ba a saba gani ba a lokacin, kuma babu mai shakkar cewa gawarwakin da ba a ambata ba suna cikin ma'aunin. An hukunta shi a kan abin da aka iya tabbatarwa, da nauyin abin da aka kasa tabbatarwa. Iyalan waɗanda aka kashe ba su taɓa jin kotu ta kira sunan mamatansu ba. 'Yan sanda da alƙalai da 'yan siyasar da suka ci tare da shi kuwa, mafi yawansu sun ƙare aiki lafiya sun karɓi fansho.

Sauran rayuwarsa gajeren labari ne. An kai shi gidan yarin Atlanta a 1932, inda likitoci suka tabbatar yana da tunjere da ya daɗe a jikinsa ba magani. A Agustan 1934 aka mai da shi gidan yarin tsibirin Alcatraz, inda kuɗinsa ba su da amfani, yana wanki da goge-goge, wani fursuna ma ya soke shi da almakashi. Cutar ta hau ƙwaƙwalwa. Da aka sake shi a Nuwambar 1939 ya riga ya zama wani mutum daban, kuma a 1946 likitocinsa suka ce hankalinsa bai wuce na yaro ɗan shekara 12 ba. Ya mutu a gidansa na Fulorida ranar 25 ga Janairu, 1947, yana da shekara 48.

An soke haramcin giya tun Disambar 1933, amma ƙungiyar ba ta mutu ba. Hanyoyin da aka gina da kuɗin biya, wato 'yan sandan da aka saya da mazaɓun da aka mallaka, sun ci gaba da aiki ga caca da bashin ruwa da ƙungiyoyin ƙwadago, daga baya har gidajen cacar Las Vegas. Nitti ya riƙe ta har 1943, lokacin da ya harbe kansa bayan an tuhume su da tatsar kamfanonin fim na Hollywood. Paul Ricca, wani jigon ƙungiyar, wanda aka ɗaure shekara 10 a wannan shari'ar, ya fito a 1947 bayan ya yi shekara 3 da 'yan watanni, a shekarar da aka binne Capone. Tony Accardo, wanda ya fara a matsayin ɗan rakiyar Capone, shi ne ya fi kowa daɗewa. Ba ya hira da 'yan jarida, kuma ya tabbatar yana da sana'ar da zai rubuta a takardar haraji: dillalin wani kamfanin biya, wadda a lokacin ta halasta a dokar ƙasar. Hukumar haraji ta gwada shi a 1960, aka yanke masa shekara 6, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, aka sake shari'a ya fita. Ya mutu a asibiti a 1992 yana da shekara 86, kuma abin da ake faɗa shi ne duk tsawon rayuwarsa bai kwana a tsare fiye da dare ɗaya ba.